Ƙuri'ar Lauya Pettibone

A gundumarmu ta jihar Kentucky, lokacin ina magatakardan zaɓe, ba a ɓoye ƙuri'a. Mutum ya tsaya gaban teburina a harabar kotu, ya faɗi sunan gwaninsa da ƙarfi, 'yan takara na kan benci suna ji.

Lauya Erasmus Pettibone shekara ashirin yana haɗiyar yawu kan kujerar majalisar jiha. Ga tumbi, ga doguwar hula, ga surutun da ke sa alƙali gyangyaɗi. Sau uku yana shan ƙasa. Jam'iyya ta ce wannan ne na ƙarshe, in ya sake faɗuwa ya koma rubuta wa tsofaffi wasiyya. Ya gasa shanu biyu, ya fasa gangar wuski, har jarirai masu majina ya bi yana sumbata.

Abokin karawarsa Jabez Tolliver ne, mai niƙan masara. Shekarun baya Pettibone ya raba shi da gonar bakin rafi, wadda uban Tolliver ya saya da musafaha kawai. Ya ce wa kotu abin da ba a rubuce ba, babu shi. Shi lauyan tuni ya manta, shari'a ɗaya ce cikin ɗari.

To, al'adarmu ɗan takara mai mutunci ba ya zaɓen kansa. Abokin karawa yake ba ƙuri'arsa, shi ma ya rama masa. Pettibone ya jira jama'a ta cika, ya cire hula, ya yi rabin awa yana yabon karamcin kansa, sannan ya ba Tolliver ƙuri'arsa. Wallahi ni na ji masa kunya.

Rana ta kusa faɗuwa, layi ya ƙare. Ɗari biyu da goma sha ɗaya kowannensu, saura Tolliver kaɗai. Pettibone har ya fara karkaɗe hularsa, yana gyara murya.

Tolliver ya matso, garin masara duk a hannun rigarsa. Na tambaye shi wa ya zaɓa.

“Jabez Tolliver,” in ji shi.

Pettibone ya miƙe. “Haba yallaɓai, al'ada fa?”

“A wace takarda aka rubuta ta, Lauya?”

Na tsoma alƙalami a tawada na rubuta, kuma ban taɓa kyautata rubutu kamar ranar ba.