Kirarin Mai Zaki

Na kamu da son Mai Zaki tun kafin in gan ta ido da ido. A bayan wata mujallar Turawa na fara ganin hotonta: kwamfuta fara tas, da tambarin zaki a goshinta. Na yanke hoton na liƙa a bangon ɗakina, daidai inda sauran samari ke liƙa hotunan mawaƙa.

A shekarar 1989, lokacin Kazaure tana cikin Jihar Kano, Kawu Hamma, ƙanen mahaifiyata mai fataucin hatsi a Babura, ya yarda ya kafa mini shagon buga takardu a nan Kazaure. Sharaɗinsa ɗaya ne: idan kaka ta yi shagon bai tsaya da ƙafarsa ba, in tattara in koma Babura in riƙe masa tiya a rumfa. Babura kuwa babu Shatu a cikinta, yarinyar da nake zuwa zance gidansu, wadda saboda ita na karance duk littafin soyayyar da ya shigo hannuna.

A Kano mai kantin ya nuna mana kwamfuta iri biyu. Ga haɗin Sabon Gari, ba suna ba tambari, ga Mai Zaki, kuɗinta ninki.

"Aikinsu ɗaya?" Kawu ya tambaya.

"Ɗaya ne, Alhaji."

"Kawu, ba ɗaya ba ne," na ce. "Jaki yana kai mutum Roni, doki ma yana kai shi."

"Ni dai da jaki na yi arziki, Lauwali." Ya daɗe yana kallona, sannan ya biya.

Tsallaken titi daga shagona akwai Manasseh, tsohon mai buga tafireta a sakatariya, wanda ya riga ni da wata marar asali irin ta Sabon Gari. Murfinta ma da roba yake ɗaure. A bakin ƙofarsa ya jingine allo: ANA BUGA KATI DA ARAHA. Tausayinsa na ji.

Ni a ganina bai dace Mai Zaki ta shigo gari shiru kamar buhun gero ba. Na sa aka ɗinka mata mayafi mai aiki, na shimfiɗa darduma, sannan na kira Daudu maroƙi. Da hannuna na tsara masa kirarin, na yi ta gyara shi har sai da ya sa ni ƙwalla. Ranar kasuwa Daudu ya tsaya a ƙofar shago ya buɗe murya:

"Mai Zaki 'yar ƙasar sanyi! Ba ki aikin ƙananan mutane! Takardar gwamna, wasiƙar sarakuna! Wanda bai isa ba ya gaishe ki daga nesa!"

Gari ya ɗauka. Mutane suka yi ta zuwa, har daga Roni da Gwiwa. Sukan tuɓe takalma, su tsuguna a gefen darduma, su kalle ta, su ce, "Tubarkalla." Wani dattijo har goro ya ajiye mata. Daga nan sai su sa takalmansu, su tsallaka titi, su miƙa wa Manasseh aikinsu.

Na ce farashi ne. Na rage nawa ya koma daidai da nasa. Shiru. Na sake ragewa har ƙasa da nasa, na rubuta a allon da ya fi nasa girma. Rannan na tare wani mahauci da na gani da takarda a hannu, yana shirin tsallakawa.

"Baba, ga shi nawa ya fi araha."

Ya sunkuyar da kai. "Malam, nauyi nake ji. Katin sunan jikata ne fa. Yaya za a tashi wannan baiwar Allah saboda katin suna? Ai sai a ce ban san darajar manya ba."

"Ba barci take ba, Baba. Na'ura ce."

"Na sani, Malam. Allah ya ƙara mata girma." Ya tsallaka.

Da yamma na je wurin Shatu neman mai lallashi. Ta fito da wani kati tana fifita da shi: katin auren yayanta, da sunan shagon Manasseh a ƙasa.

"Har ku?" na ce.

"Baba ya ce kada mu raina maka ita. Kai ka ce ba ta aikin ƙananan mutane, mu kuwa tun kakanninmu ƙanana ne."

"Daudu ne ya faɗa."

"Daudu ya san ƙasar sanyi? Wannan magana ƙamshin littattafanka take yi." Ta rufe baki da katin tana dariya. "Babura ma gari ne, ai. An ce 'yan matan can sun iya lissafin sefa."

Washegari na samu Daudu na roƙe shi ya sake zagaya kasuwa, ya ce Mai Zaki ta kowa ce. Ya kalle ni kamar na zagi sana'arsa.

"Malam, kirari ba ya komawa baki. Idan na ɗaga ta jiya na sauke ta yau, gobe wa zai yarda da yabona?"

Aka fara yankan gero. Hatsi ya shiga rumbu, bukukuwa suka taso ta ko'ina, layi a ƙofar Manasseh har bakin kwata. Ni ina zaune ina karkaɗe mayafi, ina tunanin yadda tiya za ta zauna a hannun mutumin da ya yi karatu irin nawa. Sai ga Manasseh ya zagayo ta ƙofar baya, da tulin takardu a hammata, gumi na zuba.

"Malam Lauwali, ranka ya daɗe. Ko gimbiya za ta taimaki talaka? Aiki ya fi ƙarfina. Ka buga mini waɗannan, mu raba. Sunan shagona dai za ka sa a ƙasa, don in suka ji ita ta buga, kunya za ta hana su karɓa."

Na so in ce masa Mai Zaki ba ta ƙwadago. Na buɗe baki, na tuna Babura, na ce, "Ajiye nan."

Da Kawu Hamma ya zo, ya tarar da katuna jibge a kan darduma. Ya ɗauki ɗaya ya nisantar da shi daga idonsa, ya karanta har ƙasa.

"Wannan sunan wa?"

"Maƙwabci ne, Kawu."

"Tana ciyar da kanta?"

"Tana ciyarwa."

"To zauna abinka."

Yana fita Manasseh ya leƙo ta baya da wasu katunan suna da sanarwar ƙungiyar masu faci, ya ce da sauri ake so. Na tashi na saki labulen gaba. Akwai baƙi daga Gwiwa da suka zo gaishe ta, ban so su same ta tana aiki.