Yadda Babban Duhu Ya Shiga Jarida

A shekarun da aka fara Yaƙi da Jahilci, Turawa ba su riga sun tafi ba, duk ƙasar Batsari da ta Safana mutum ɗaya ne ke aika wa jarida labari, shi ne Malam Armaya'u, malamin elementare a Batsari. Jaridar ta Hausa ce, mako-mako ake buga ta a Kano. Malam Armaya'u ba shi da ofis, ba shi da keken rubutu. Abin da ya mallaka shi ne keken hawa, da alƙalami, da ka'ida guda wadda bai taɓa saki ba: ba ya sa labari cikin ambulan sai ya karanta wa waɗanda ya ambata, sun ji da kunnensu. Da ya rubuta cewa rijiyar Yasore gaba goma sha biyu ce, wanda ya haƙa ta ya ce sha uku, da igiya aka tafi bakin rijiya aka auna. Saboda haka labarinsa yakan isa Kano ya riga ya tsufa, amma ba a taɓa tare shi a kasuwa an ce ya yi ƙarya ba. Mu da muka san shi, da alfahari muke faɗin wannan.

Wata shekara, bayan an gama girbi, mutanen Babban Duhu, wani ƙauye na ƙasar Safana, suka gina aji da hannunsu, suka yi masa jinka. Magidanta talatin da biyu suka shiga koyon karatun boko. A tabarmar gaba kuwa mai garin ne da kansa, Haliru, dattijo wanda ya haura sittin. Ya ce kakansa ya riƙi garin, ubansa ya riƙa, ba wanda ya taɓa karanta sunan garin da idonsa a jarida, shi kuwa yana so ya zama na farko. Ya yi alkawari cewa abin da zai fara karantawa a gaban jama'a shi ne labarin ajin nan.

Malam Armaya'u ya rubuta shafi biyu cif, ya karanta musu a gindin tsamiyar ƙofar mai gari, aka gyara sunaye biyu, kowa ya ce haka ne. Aka aika.

Bayan mako uku jarida ta iso Batsari. Malam Armaya'u bai buɗe ta ba, domin tun zamanin iyayenmu manzo ba ya buɗe takardar babba. Ranar kasuwar Safana ya ɗaure ta a bayan keke, ya kai wa mai gari, wanda ya zo da jama'arsa cikin fararen riguna. 'Yan kasuwa suka taru. Mai gari ya shimfiɗa jarida a cinya, ya bi ta da yatsa har ya ci karo da kalmar Safana, ya yi gyaran murya, ya karanta gaɓa-gaɓa da ƙarfi:

"Mu-ta-nen Sa-fa-na su-na ci-kin bab-ban du-hu."

Ya dakata. Ya sake karantawa, ko idonsa ne. Ba idonsa ba ne. A ƙarƙashin wannan kan labari layi huɗu ne kacal, suna cewa duhun jahilci ya lulluɓe ƙasar Safana har tsofaffi ma sun koma aji. Ba sunan mai gari, ba na magina.

Akwai wani mahauci mutumin Batsari, ana kiransa Jinjiri, wanda bakinsa ya fi wuƙarsa kaifi. Shi ya fara magana. "Jama'a, a taimaka da fitila! Ashe shi ya sa mutanen Safana ke sayen ƙashi su ce tsoka ce, ba su gani!"

Kasuwa ta ɗauki dariya. Mai gari bai yi ba. Ya naɗe jaridar a hankali, ya miƙa wa mai ita.

"Malam, abin da ka karanta mana a gindin tsamiya ke nan?"

"Ba shi ba ne, ranka ya daɗe."

"Sunan wa ke ƙasan shi?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe."

"To. Mu kai muka sani, ba mu san Kano ba. Daga yau an rufe aji. In wannan ne ladan karatu, mun gode. Kai kuma, har sai an mayar wa garinmu sunan shi, ko akuya ta haifi huɗu ba mai faɗa maka."

Haka kuwa aka yi. Mako guda Malam Armaya'u yana zagaya ƙauyuka, har su Runka da Yasore, ana amsa gaisuwarsa da ladabi, ana ba shi ruwa, amma da ya fiddo alƙalami sai hira ta koma kan damina mai zuwa. Ya gane cewa abin da ya tara shekara tara ya zube a layi huɗu. Da hutun makaranta ya zo, ya hau keke zuwa Katsina, daga can ya shiga mota zuwa Kano.

Bai taɓa ganin ofishin jarida ba. Ya tarar da ɗaki mai tsawo, inji na ruri a baya, ƙasa na rawa. Ya tsaya a ƙofa ya yi sallama, ya fara gaisuwa yadda ta dace, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali. Kafin ya kai ga tambayar aiki, mutane uku sun wuce shi, kowanne ya ce "Lafiya" bai waiwayo ba. Daga ƙarshe aka nuna masa teburin wanda ke tace labaran ƙauyuka, wani mutum mai suna Badaru, ɗan kimanin shekara talatin da biyar, da kwat a kan riga, fensir a bayan kunne, rula a hannu.

"Kai ne na Batsari? Mai shafi biyu-biyu!" in ji Badaru da fara'a. "Zauna, Malam, amma minti biyar gare ni, yau muke bugawa."

Malam Armaya'u ya ajiye jaridar a gabansa. "Babban Duhu sunan gari ne."

Badaru ya dube shi. Ya tashi ya je gaban taswirar da ke bango, ya bi ta da rula. "Ba shi a nan."

"Yana nan inda yake tun kafin a zana wannan."

Badaru ya jawo wata tsinkiyar ƙarfe da ake soke takardu a kanta, ya zaro wasiƙar Malam Armaya'u, ya shimfiɗa. "Dubi rubutunka, Malam. Ilmi, babban baƙi. Aji, babban baƙi. Dattawa, Tsamiya, Jinka, duk da babban baƙi. Yaya zan gane cewa wannan Duhun shi kaɗai ne suna? Na ɗauka adon magana ne."

Malam Armaya'u ya duba, ya ga gaskiya ne. Al'adarsa ce duk abin da yake girmamawa ya fara shi da babban baƙi. Ya ce, "Wannan kason nawa ne, na karɓa. Amma me ya hana ka tambaya?"

"In tambayi wa? Wasiƙa zuwa Batsari da dawowa wata guda. Inji ba ya jira. Labarai arba'in ke zuwa mini a mako, wuri kuwa inci huɗu-huɗu. Kada ka damu, mako mai zuwa zan sa gyara, layi biyu a shafin baya."

"A gaban kasuwa aka yi musu dariya, ba a bayanta ba."

Badaru ya aje fensir. "Bari in faɗa maka wani abu, Malam, ba don raini ba. Shekara uku ina karanta wasiƙunka, ban taɓa ganin laifin kowa a ciki ba. Ƙasarku ba a zalunci? Ba gadar da ta karye? Ba ka iya rubutawa, domin gobe za ka ci tuwo a gidan mutumin. Mu nan muna rubuta laifin manya, ba ma jin tsoro, domin ba mu san su ba."

"Ka faɗi gaskiya, akwai abin da na gani na kau da kai," in ji Malam Armaya'u. "Ku kuma kuna rubuta abin da ba ku gani ba, domin ba za ku haɗu da mai shi a layin mahauta ba. Amma ba gardama ta kawo ni ba. A ƙasarmu an taɓa yin irin wannan. Zamanin kakannina wani sankira ya yi shelar ɗaurin aure a kasuwar Batsari, ya ambaci sunan ango ba daidai ba. Dattawa ba su ci shi tara ba, ba su kore shi ba. Cewa suka yi ya koma duk inda ya tsaya ya yi shela, da ƙafarsa, ya warware da bakinsa. Tun daga ranar haka ake yi. Kai ne sankiran wannan magana."

Babban edita, wanda ya tsaya a bayansu yana saurare, ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ce wa Badaru, "Je ka. Shekara nawa kana yanka ƙauyuka da rula, ba ka taɓa ganin ko ɗaya ba. Ka dawo mini da labari."

Ranar kasuwar Safana ta gaba, aka ga Malam Armaya'u ya iso da baƙo a bayan keke, kwat ɗinsa ta yi ja da ƙasa. Tun a hanya aka koya masa gaisuwa. Ya tuɓe takalma, ya durƙusa gaban mai gari Haliru, ya tambayi gajiya, da iyali, da jama'a, da dabbobi, bai tsallake ko ɗaya ba, sai dai ya duba agogonsa sau biyu.

"Ɗan birni, agogon nan ciwo yake maka?" in ji Jinjiri daga bayan teburinsa. "Kawo in feɗe maka shi."

Badaru ya cire agogo ya sa a aljihu. Ya hau kan turmi a tsakiyar kasuwa, ya ɗaga murya ya ce shi ne ya sauya maganar Malam Armaya'u, Babban Duhu gari ne mai mutane masu himma, duhun kuwa a ofishinsu yake, domin taswirarsu ba ta san garin ba. Aka sa shi ya maimaita a layin hatsi, da layin masu fura, da kara inda ake cinikin shanu. Kafin ya gama, mata sun cika masa aljihun kwat da gyaɗa.

Mai gari ya ce magana ta yi rabi. Sauran rabin, baƙo ya kwana biyu a Babban Duhu, ya rubuta abin da ya gani, ya karanta a gindin tsamiya kafin ya tafi da shi. Badaru ya ce bai taɓa karanta wa kowa labari kafin bugawa ba, amma zai yi, da sharaɗi: za a gyara masa kuskure, ba za a cire masa gaskiya ba.

Da ya karanta, aka gyara masa sunaye huɗu. Sannan ya zo kan wani layi inda ya ce jinkar ajin ba za ta kai damina ba, kuma mai gari da kansa har yanzu yana rikita baƙin B da na D. Malam Armaya'u ya sunkuyar da kai, domin ya san duka biyun tun tuni, bai rubuta ba.

Mai gari ya shafa gemu. "Na jinka gaskiya ne, a bar shi, ko magina sa ji kunya. Na biyun kuwa sharri ne irin na birni. Amma mun yi sharaɗi. A bar shi."

Bayan mako biyu jarida ta iso, aka sake taruwa a kasuwar Safana, taron ya fi na farko. Labarin na shafin gaba. Mai gari ya shimfiɗa, ya ɗora yatsa, ya karanta da murya mai nauyi:

"Bab-ban Bu-hu su-nan ga-ri ne."

Kasuwa ta yamutse. "Sun sake!" in ji wani. "Da duhu ne, yanzu mun koma buhu!" Jinjiri ya faɗi kan teburinsa yana kiran a kawo igiya a ɗaure bakin garin. Malam Armaya'u ya durƙusa ya leƙa takardar. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya matsa kusa da kunnen mai gari.

"Ranka ya daɗe, D ce."

Mai gari ya kawo jaridar kusa da ido, ya nisanta ta, ya sake kawowa. Kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa har rawaninsa ya karkace. Da ya samu numfashi, ya miƙa hannu aka tashe shi tsaye.

"Jama'a, wannan karon sankiran ni ne. Jarida ta faɗi daidai, ɗan birnin nan ma bai yi mani sharri ba." Ya juya ga Malam Armaya'u. "Malam, gobe a buɗe aji, ka gani da idonka ina da sauran aiki. Kuma fiddo alƙalaminka, akuyar maƙwabcina Labaran ta haifi huɗu tun wancan mako, mun ɓoye maka."

Ya naɗe jaridar a hammata, ya nufi layin hatsi da ƙafarsa domin ya warware, jama'a na biye da shi.