Ƙudajen Bayan Gidan Dubagari

Tun ranar da tankar dizal ta kife a bayan gidansa, tsohon dubagari bai sake zama wuri ɗaya ba. Man ya malale lambunsa, ya tsaya daf da bishiyar lemon da marigayiya matarsa ta dasa. Hukuma ta ba shi wata uku: in ƙasar ba ta gyaru ba, katafila za ta kwashe ta, har da bishiyar.

'Yarsa, wadda ke aiki a ɗakin gwajin ƙasa, ta zo da jarka biyu na wani ruwa mai kalar shayi.

"Bakteriya ce, Baba, mai cin man fetur da dizal. A juya ƙasar duk bayan kwana uku, a yayyafa ruwa, a barbaɗa kashin kaji. Sauran sai haƙuri."

"Uwata, shekara talatin ina kashe waɗannan abubuwa, yau ke ce za ki kawo min su a jarka?"

"Waɗannan namu ne, Baba."

To, ranar da aka raba haƙuri dubagari yana wurin aiki. Ya juya ƙasa da safe, ya sake juyawa da la'asar, ya damƙo ya sansana, ya kewaya bishiya yana duba ganye. Tsoro yake ji, ba ya dai faɗa.

Sai ga ƙudaje. Mutumin da ya taɓa rufe mahauta sukutum saboda ƙuda, yau a bayan gidansa suke shagali. Maƙwabcinsa tela ya leƙo ta katanga.

"Ranka ya daɗe, ko mu kira dubagari ne?"

Wasa ne, amma ya ci shi. Ya shiga ɗakin ajiya ya kakkaɓe tsohon famfon feshinsa, ya haɗa maganin kashe ƙwayoyin cuta, marfi uku a bokiti, awon da hannunsa ya haddace. Ya bi lambun layi-layi, bai tsallake ko taki ɗaya ba. Ƙudaje suka yi ɓatan dabo.

Ran Asabar 'yarsa ta zo ɗibar ƙasar gwaji. Ta tsuguna, ta kai hannu hanci, ta daɗe a haka.

"Baba, me ka zuba?"

"Sama-sama ne kawai, saboda ƙuda."

"Ka yi ban ruwa bayan nan?"

"Sau huɗu. Na juya kuma, yadda kika ce."

Ta goge hannu a gefen zanenta.

"Aikinka ya yi kyau, Baba. Ko ɗaya ba ka bari da rai ba."

"A kawo wasu mana!"

"Kafin ƙasar ta karɓe su, su yi aiki, sai wata biyu."

Sati uku ya rage wa'adin ya cika, shi ma ya sani. Ya tsaya kallon bishiyar, sannan ya ce ta miƙo masa kwando. Lemon bai nuna ba tukuna, amma ya fara tsinka.