Siket ɗin da Bai Shiga Ruwa Ba

Shekara ashirin da shida mai wanki ya yi yana fitar da datti daga kayan mutane, kuma ƙa'idarsa ba ta taɓa canzawa ba: a duba aljihu, a ware fari da mai launi, kada tabo ya kwana. Da wannan ƙa'idar ya ciyar da 'ya'ya huɗu bayan rasuwar matarsa. Da ita kuma ya kusa cutar da babbar 'yarsa.

Uwata yake kiranta. Shekarunta ashirin da uku, tana aiki a wani shagon takalma. Wata Talata da la'asar ta shigo ta ƙofar baya babu sallama, ta wuce ɗaki. Ƙanwarsa, wadda yaran ke ce wa Gwaggo, ta bi ta. An jima sosai kafin Gwaggo ta fito da kayan yarinyar a dunƙule.

"Yaya," in ji ta, "manajan shagonsu ne. Ya kulle ta a sito. Ya yi mata fyaɗe."

Mai wanki ya karɓi kayan. Hannunsa ne ya yi abin da ya saba. Ya jiƙa farar rigar, ya yi mata saɓi uku har yatsunsa suka yi zafi. Siket ɗin ja ne, shi kuwa ja ba ya shiga ruwa ɗaya da fari, sai ya naɗe shi a takardar da yake naɗe kayan guga, ya rubuta "Uwata, Talata" a kai kamar kowane ƙunshi, ya ɗora a kan kantar ajiye kaya.

Gwaggo ta ce a bar maganar a cikin gida, saboda bakin mutane. Haka ake yi kullum. A rufe bakin wadda aka zalunta, shi kuma azzalumin ya buɗe shagonsa da safe yana gaisawa da jama'a.

Da gari ya waye Uwata ta fito ta tsaya a gaban teburin guga.

"Baba, akwai wata cibiyar taimakon matan da aka yi wa fyaɗe a bayan babban asibiti. Na taɓa ganin takardarsu a bangon kemis. Ka kai ni. Kuma ba zan ƙyale mutumin nan ba."

Ya kashe dutsen guga, ya saka takalmi. Gwaggo ta yafa mayafi ta bi su.

Cibiyar ɗaki uku ce da baranda. Wata nas gajeriya mai tabarau, wadda kowa ke kira Sista, ta karɓe su. Ba ta tambayi yarinyar me ya kai ta sito ba. Ta ce mata ta zauna, ta ba ta ruwa, ta tambaye ta wa take so ya shiga tare da ita. Uwata ta ce Gwaggo.

Awa biyu ya yi a kan benci. Babu abin kallo sai zannuwan gado da aka shanya a tsakar wurin, duk a yamutse, sabulu bai fita ba.

Sista ta fito ta zauna kusa da shi.

"Baba, kun kyauta da kuka zo da wuri. Akwai maganin da sai an fara shi cikin kwana uku yake aiki, kuma ta fara. Duk Alhamis za ta riƙa zuwa ta ga mai ba da shawara. Ta ce tana son a kai ƙara, lauyarmu za ta raka ta. Kayan da ta saka jiya suna ina?"

"Na wanke," in ji shi. "Tas. Ko alama babu."

Sista ta cire tabarau ta riƙe a hannu.

"Alamar muke nema, Baba. Ita ta yi wanka tun jiya, kuma ba laifinta ba ne, kowa haka zai yi. To abin da mutumin ya bari a jikin kayan shi zai tsaya mata idan ya ce ƙarya take."

Sai a lokacin ya gane abin da ya yi. Ya dubi yatsunsa da suka saɓule. Shi da kansa ya wanke wa mutumin laifinsa, saɓi uku, kyauta.

"Na kashe mata magana ke nan," ya ce.

"Maganarta tana nan, bakinta ma shaida ne. Duka ka wanke?"

"Ban da siket."

"Me ya hana?"

"Ja ne, Malama. Zuba yake."

"Kana da shi? Kada ka ce min a leda ka ƙulle shi."

Ran sana'a ya motsa. "Leda? Kaya mai danshi a leda ai fumfuna zai yi. A takarda yake. Har rana na rubuta."

Sista ta yi dariya kaɗan, ta mayar da tabarau. "Wata guda ina koya wa sababbin ma'aikata wannan. Tashi ka ɗauko, kada ka buɗe."

Ya je ya dawo da ƙunshin a rungume. Sista ta saka shi a babban ambulan, ta liƙe, ta sa hannu, Uwata ma ta sa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa haɗa ido da 'yarsa.

"Uwata, rigar..."

"Na ji ka jiya kana dirza ta, Baba," in ji ta. "Na san abin da kake son gogewa. Ba ya fita da sabulu. Zo ka zauna, ka tsaya kamar mai jiran kuɗin guga."

Bayan mako biyar sakamakon gwajin kayan ya fito, kuma siket ɗin ya faɗi abin da ta faɗa. An kama manajan. Shari'a tana tafiya a hankali, kamar yadda ta saba, amma tana tafiya. Uwata ta samu aiki a wani wurin. Akwai ranakun da ba ta cin abinci, akwai ranakun da take tsokanar Gwaggo har ta kore ta daga kicin. Ba ta fasa zuwa Alhamis ba.

Mai wanki ba mutum ne mai daɗin baki ba. Sau ɗaya ya ce wa Sista Allah ya saka da alheri, sannan ya ƙara da cewa mai yi musu wankin zannuwa ba ya tsoron Allah. Tun ranar shi yake ɗaukarsu duk Asabar, ya mayar a goge, kuma an gaji da roƙonsa ya karɓi ko sisi.

Ya zagaya masu wanki tara na unguwar, ɗaya bayan ɗaya, ya gaya musu abin da ya koya ba tare da ambaton 'yarsa ba. Biyu suka ce wannan ba aikinsu ba ne. Ya gaya musu abin da yake tunani a kansu.

Wata safiya wata mata ta kawo masa ƙunshi ɗaya, rigar makarantar 'yarta yagaggiya. Ta ce a wanke yanzu yanzu, ko nawa ne.

Ya duba rigar, ya dubi matar. Ya jawo takarda.

"Yaya, wannan ba za ta shiga ruwa ba," in ji shi. "Zauna in gaya miki inda za ku je."