Takardun Ƙarƙashin Kibod

Shekara huɗu ina rubuta wa Manaja rahoto a kan abu ɗaya: a sayi na'urorin tsaro, a horar da ma'aikata, tun kafin ɓarayin intanet su kwashe zanen jakunkunan da kamfaninmu ke ci da shi. Ni ne mai kula da kwamfutoci, kuma na sa rai in an buɗe sashen tsaro kujerar tawa ce. Kullum amsarsa ɗaya: "Injiniya, za a duba." Rahotona na ƙarshe, da idona na ga ya ɗora kofin shayi a kansa.

Sai ga Ɗan Gayu. Wata uku kacal da ɗaukarsa a sashen talla, ba abin da ya iya sai fesa turare da washe baki. Ni da bakina na zayyana masa damuwata a wurin cin abinci, ashe kura na ba ajiyar nama.

Ranar taron shugabanni ya shigo da ambulan, ya zazzage ƙananan takardu a tebur.

"Ranka ya daɗe, lambobin sirrin ma'aikatanka ne. Minti biyar na yi ina ɗaga kibod ɗin kwamfutocinsu ina ɓamɓaro su. Ga taka nan. In ni na samu, ina ga ɓarawo?"

Manaja ya dafe kai. "A sayo duk abin da ake buƙata. Yau ɗin nan!"

Wallahi hassada ta ci ni, ba zan ɓoye ba. Rahotona mai shafi arba'in ko gezau, ambulan ɗin ɗan talla ya girgiza shi! Na miƙe.

"Ranka ya daɗe, ai abin da nake ta faɗa ke nan tun..."

"Zauna, Injiniya." Ya sa tabarau yana jujjuya takardun. "Rubutun nan duk na mutum ɗaya ne. Na wa ne?"

Na koma na zauna, don rubutuna ne. Duk wanda ya manta lambarsa wurina yake zuwa, ni kuwa don in huta da sintiri sai in rubuta masa, in ce ya liƙa ƙarƙashin kibod. Har shi Manajan haka na yi masa.

Ɗan Gayu aka ba kujerar. Jiya ya tara mu horo, aka zaunar da ni a layin gaba. Daga wani fayil yake karantowa, Manaja na ta gyaɗa kai yana cewa yaron nan akwai basira. Da ya ɗaga fayil ɗin na hango bangonsa. Ga shatin kofin shayin nan.