Shashar Gindin Darbejiya

Ramla ta shiga kasuwar Suki da hantsi, da kuɗin awakinta biyu a cikin waya. Allon kwamfuta mai faɗi ta zo saya, abin da mutanen nan ke kira shasha.

Malama ce a makarantar 'yan mata ta Hillat Gimba, wani ƙauyen Hausawa da ke bakin kogi. Tun da yaƙi ya ɓarke aka rufe makarantar, yanzu mutanen da suka gudo daga Madani ne ke kwana a azuzuwan. Da zaman ya ishe ta sai ta buɗe akwatin kakanninta, ta bi takardun ajamin da suka taho da su daga Sakkwato tana ɗaukar hotonsu ɗaya bayan ɗaya, don gara ta fara cin gefensu. A duk ƙauyen mahaifinta kaɗai, Malam Salihu, ke iya karanta wannan hannun. Shi kuma yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma na shirin bi. A ƙaramar kwamfutarta ba ya ganin komai sai tururuwa, in ji shi. Abin da take so shi ne allon da zai ɗauki shafi biyu gefe da gefe, da manyan haruffa, shi yana karantawa ita tana rubutawa.

Shagon Lukman ta fara zuwa. Ɗan ƙauyensu ne, ajinsu ɗaya da yayanta. Ta tarar da rabin kantocinsa fayau, ga kwalaye a ɗaure a lungu.

"Ustaza, marhaba. Yaya Baba Malam? Mi kike biɗa?"

Ta gaya masa, ta kuma faɗi iyakar abin da ke hannunta. Ya sosa ƙeya. Ya sauko da guda uku. Ta farko sabuwa ce, inci ashirin da huɗu, tana cikin ledarta, amma ko da awaki huɗu ta sayar ba za ta kai ba. Ta biyu inci goma sha tara, kusan murabba'i, mai ƙyalli kamar madubi.

"Wagga ba ta yi miki," ya ce. "In Baba ya zauna bakin ƙofa, fuskarshi kawai zai gani a ciki."

Ta ukun tsohuwa ce, inci ashirin da biyu, mai faɗi. Ya jona ta da kwamfutar Ramla. Hoton ya fito sarai, sai dai wani siririn layi baƙi ya sauko daga sama har ƙasa ta gefen dama. Ya sa ta matsa gefe ta duba, launin bai dushe ba. Ya juya bayan ya nuna mata mashigar waya, irin ta kwamfutarta ce.

"Kuma wuta kaɗan take ci. Batirin hasken rana na gidanku ya ishe ta. Layin nan dai ba ya gyaruwa, ba zan ɓoye miki ba."

Kuɗinta duka zai tafi, ko na motar komawa sai Lukman ya rage mata. Ta ce bari ta zaga ta dawo.

A ƙarshen kasuwa, bayan masu albasa, akwai wata darbejiya. A gindinta wani mutum ya shimfiɗa tamfol kusa da wata farar a-kori-kura marar lamba. Ga fankoki, ga firji ƙarami, ga keken ɗinki, har da kujerar likitan haƙori. A tsakiyarsu shasha take, doguwa, inci ashirin da tara, ba ko ƙwarzane a jikinta.

Mutumin fari ne siriri, jallabiyarsa tas, takalminsa kuwa mai nauyi ne, ba irin na 'yan kasuwa ba. Da Larabci ya yi mata magana, cikin ladabi. Kafin ta tambaya ya jona shashar da batirin motarsa. Ta buɗe hoton wata wasiƙar kakan kakanta. Shafi biyu suka zauna gefe da gefe har da sauran wuri, ana ganin inda alƙalami ya ƙare da tawada aka sake tsomawa. Sai da ta ji ƙwalla a idonta.

Da ya faɗi kuɗin ta ɗauka ba ta ji daidai ba. Bai kai rabin kuɗin tsohuwar shashar Lukman ba.

"Rubutun malamai ne wannan, ma sha Allah," ya ce. "Daga ina?"

"Hillat Gimba."

"Ta bakin kogi? Ai na ji ba ku da wuta can. Da me za ki kunna ta?"

"Muna da hasken rana."

"Gidanku kawai? Kin san wannan tana son wuta da ƙarfi."

Ta ce a'a, akwai na masallaci, akwai na famfon ruwa, kuma Alhaji mai tarakta yana da faifan hasken rana goma sha biyu a rufinsa. Ya gyaɗa kai. Ya tambayi ko hanyar gefen babbar kwatar ban-ruwa tana biyuwa tun da aka fara ruwa, ko sai an zaga. Ta buɗe baki za ta amsa, sai ta lura bai ƙara kallon shashar ba tun da ta faɗi sunan ƙauyen.

Ta yi kamar tana duba mashigar waya, ta leƙa bayan allon. An kankare wata takarda da wuƙa. A ƙasanta akwai 'yan taurari na leda, irin waɗanda yara ke mannawa, da suna da aka rubuta da jan farce, haruffan a karkace: Malak.

"Ta wa ce da?"

"Masu ita sun yi tafiya."

Ta zare wayarta ta naɗe. Ta ce ta yi mata girma, ba za ta iya ɗauka a mota ba.

"Wannan ba matsala ba ce. Ni zan kai miki har gida."

"A'a, na gode."

Ya rage kashi ɗaya cikin uku. Ta ce za ta yi shawara. Ba ta waiwaya ba har ta wuce masu albasa, amma tana jin idonsa a bayanta.

Da ta koma, Lukman bai tambaye ta inda ta je ba. Yana naɗe tsohuwar shashar a bargo, kansa a sunkuye, ya ce, "Na gindin darbejiya, ya tambaye ki garinku?"

Ta gyaɗa kai.

"Kwana tara ke nan yana wurin. Ban ga ya damu da ciniki ba. Hira dai, da kowa." Ya ja igiya ya ƙulle. "Ni jibi zan kai iyalina Gadarif. Ki gaya ma Baba Malam."

A mota ta rungume shashar a cinya. Gonaki sun yi kore shar a gefen hanya, ana ta shukar dawa, amma ta ƙirga motoci shida ɗauke da katifu da yara, duk sun nufi gabas.

Ta gaya wa mahaifinta komai bayan la'asar. Ya saurara har ta gama, ya ce Allah ya kyauta, ya ce ta kunna abin ya gani. Da haruffan suka fito sai ya matso har gemunsa na taɓa allon, ya fara karantawa a hankali, yana bin layi da yatsa. Baƙin layin bai dame shi ba. Kwana uku suna aiki daga hantsi zuwa azahar. Sun gama wasiƙu goma sha ɗaya da rabin wata waƙar wa'azi, har Ramla ta fara ganin kamar tsoronta ne ya yi yawa.

A rana ta huɗu, rana tsaka, farar motar ta tsaya a ƙofar gidansu.

Su uku ne. Mutumin ya yi sallama, ya shigo rungume da doguwar shashar. Ya ce ya ji labarin Malam, ya ga bai dace mai hidimar ilimi ya wahala da tsohon allo ba, don haka ya kawo kyauta. Sauran biyun ba su shigo ba. Ramla na hango su ta saman katanga, ɗaya ya nufi wajen famfo, ɗaya yana tsaye yana kallon rufin Alhaji.

Malam Salihu ya sa aka kawo shayi. Ya yi godiya, ya yi addu'a, sannan ya ce, "Ɗana, idona ya riga ya saba da wadda ɗiyata ta sawo. Ka kai ma mai buƙata."

"Ba a mayar da kyauta, ya Shehu."

Ya jingine ta da bangon zaure. Ya shanye shayinsa ba gaggawa, yana tambayar samari nawa suka rage a garin tun da aka daina zuwa aiki Khartum. Malam ya ce shi makaho ne, ba ya ƙirga mutane. Mutumin ya yi dariya, ya miƙe, ya dubi Ramla.

"Hanyar kwata tana biyuwa, ustaza. Ta nan muka zo."

Bayan sallar la'asar Malam ya tsayar da mutane a masallaci. Aka yi ta gardama. Wasu suka ce an saba jin irin wannan tun bara, kuma wa zai bar gona a tsakiyar shuka? Alhaji dai bai yi musu ba. Kafin magariba ya sauke faifansa, ya sa aka tafi da tarakta. Ramla da gwaggonta Barakatu suka naɗe takardun asali a leda ninki uku, suka zuba a tulu, suka binne a garken awaki. Doguwar shashar tana nan jingine a zaure, kowa na kauce mata. A ƙarshe Gwaggo ta jefa mata buhu a kai.

Ranar Juma'a da safe gidaje goma sha huɗu suka hau babbar mota. Malam ya so ya tsaya. Gwaggo Barakatu, wadda ta girme shi da shekara biyu, ta ce in bai hau ba ita ma ba za ta hau ba, kuma hakkinta na wuyansa. Ya hau. Kwana uku suka yi a hanya saboda laka, suka sauka a wata makaranta a Gadarif, aka ba su kusurwar aji ɗaya.

A kwana na shida maƙwabciyarsu Hadizatu, wadda ta ƙi tafiya saboda tsohuwarta ba ta iya zama a mota, ta samu hanyar kira. Muryarta na yankewa. Ta ce mutanen farar motar sun dawo ranar Talata da motoci biyar. Ba su yi tambaya ba, ba su yi ɓatan hanya ba. Sun fara da kwance faifan famfo, sannan na masallaci, sannan suka nufi gidan Alhaji. Da ba su sami tarakta ba sai suka kama ƙanensa suka yi ta duka har hannunsa ya karye. Ba a kashe kowa ba. Amma yanzu ruwan kogi ake sha, kuma yara sun fara gudawa.

Ramla ta ajiye wayar, ta fita bayan aji ta zauna a kan wani bulo. Can sai ga mahaifinta yana lalube da sanda. Ya zauna kusa da ita.

"Baba, ni na lissafa musu. Da bakina."

"Faifan nan a rufin ɗaki suke, Ramla. Duk wanda ya bi hanya yana ganinsu."

"Amma ba su bi hanyar ba sai da na faɗa."

Ya daɗe yana juya sandar a hannunsa. Daga bisani ya ce ta tashi ta nemo wa Hadizatu lambar likitan nan da ke duba mutane a bakin ƙofar makaranta, ko zai gaya mata ta waya abin da za ta ba yaran. Ramla ta share fuska da gefen mayafinta, ta tafi ta shiga layi. Mutum kusan arba'in ne a gabanta.