Gidan da Aka Saya da Musabaha

Gida marar matakala kawai yayata Noelene take so. Ba ta ce sai sabo ba, ba ta ce sai mai kallon teku ba. Gwiwoyinta sun gama aiki, gidansu kuma yana kan tudu a bayan ƙauyen Riana, inda mijinta Merv ya ƙare ƙarfinsa a noman dankali. Kafin ka kai ƙofar kicin sai ka yi hawa kamar mai zuwa gyaran rufi. Na sha ganinta ta tsaya a tsakiyar matakalar da kwandon wanki, tana yi kamar shanu take kallo, alhali numfashi take nema.

Ni ce ƙanwarta, Coral. A Ulverstone nake zaune tun da mijina ya rasu, kuma shingen katako ne kawai tsakanina da wani ɗan gida mai ɗaki biyu, a shimfiɗe a ƙasa, rana tana shiga kicin ɗinsa da safe. Na tsoho Athol Febey ne, abokin Merv tun suna samari. Athol ya fara shirin komawa gidan kula da tsofaffi, yana jiran a samar masa ɗaki. Ranar da ya gaya mini haka ta kan shinge, ko shayin da ke hannuna ban ƙarasa ba na kira Yaya.

Abin da ya sa maganar sayen gidan ta yiwu shi ne rangwamen gwamnati. A lokacin, in mai fansho ya sayar da babban gidansa ya sayi ƙarami cikin wata shida, ana yafe masa rabin harajin sayen gida. Tsohon gidan kan tudu ba wata daraja ce da shi ba, gidajen cikin gari kuwa sun yi tsada. Da rangwamen, kuɗinsu zai kai da ƙyar. Babu shi, ba zai kai ba. Noelene ta fahimci wannan tun ranar farko, ni ma na fahimta, har Merv ya ce ya fahimta.

Suka sayar da gidan a farkon kaka. Merv bai yi gardama ba, abin da ya ba ni mamaki, don mutumin nan ko kujerarsa ka matsar sai an yi shari'a. Ashe akwai abin da ya ƙulla. Ya daɗe da sayen tirelar kwana, irin ɗakin nan da ake ja da mota, yana wanke ta duk Lahadi ba ta taɓa zuwa ko'ina ba. Mu a tsibiri muke, kuma duk tsofaffin nan haka suke, da sanyi ya kawo kai sai su hau jirgin ruwa su tsallaka, su nufi arewa shan rana. Merv shekara da shekaru yana kallonsu suna tafiya, shi yana cikin taɓo da dankali.

A kicin ɗina aka yi maganar, ina soya kifi.

"Mu sa hannu a takardun gidan Athol tukuna, sannan mu tafi," in ji Noelene.

"An gama wannan ai," in ji Merv. "Jiya na je wajensa, mun yi magana, mun yi musabaha. Gida namu ne. Da ya samu ɗaki mu dawo mu shiga."

Na ajiye cokalin. "Musabaha? Merv, gida ne fa, ba maraƙi ba."

"Ke sarkin surutu, juya kifinki zai ƙone. Gonata da musabaha na saye ta. Tarakta, shanu, ruwan da na ja daga madatsar Athol, duk da hannun nan. Yanzu in kai wa mutumin nan lauya da biro yana tattara kayansa? In ce masa me, ban yarda da kai ba?"

"Ka ce masa wata shida gwamnati ta bayar, kuma gwamnati ba ta san hannunka ba."

"Wata shida ai shekara ce. Komai zai yi daidai."

Komai zai yi daidai. Da wannan kalmar mazan garinmu suke hawa rufi babu igiya. Na kalli Yaya ko za ta ƙara wani abu, sai na ga tana kallon mijinta. Fuskarsa tana walƙiya kamar yaron da aka ce gobe za a kai shi kasuwa. Tun aurensu ba ta taɓa ganin ya so wani abu don kansa ba, sai wannan tafiyar. Ta ce, "To, Merv," ta miƙo mini faranti.

Kafin su tafi ta yi abu ɗaya. Akwai ɗan itacen tuffa da ta yi dashe daga bishiyar mahaifinmu, wanda ta rena a gindin matakalar tsohon gidan. Ta sa Merv ya tono shi, Athol ya ba su izini, aka dasa shi a bayan ɗan gidan, daidai tagar kicin. Athol da kansa ya riƙe tiyo yana ba shi ruwa, yana tsokanarta wai tun ba a fitar da gawarsa ba an fara rabon gado. Muka yi ta dariya, Allah sarki.

Hotuna suka fara zuwa daga Queensland, can arewa inda ake zafi. Merv da gajeren wando, ƙafafu farare fat kamar dankalin da aka fere. Noelene a kujerar zane a bakin ruwa da hula mai faɗi. Ba zan yi ƙarya ba, ban taɓa ganin yayata ta yi kyau haka ba. Ta ce zafin ya saki gwiwoyinta, har tana zagaya sansanin masu tirela da yamma.

Tsakiyar sanyi, Athol ya faɗi a banɗaki. Ni na lura labulensa bai buɗe ba har rana ta ɗaga. Ya rasu bai kai ga ɗakin da yake jira ba.

Na kira su, na faɗa musu. Na ji Merv yana fyace hanci. Da na ga ya ɗan natsu na ce, "Merv, maganar gida fa."

"Haba Coral, ko binne shi ba a yi ba."

"Na sani. Amma kwanaki suna tafiya. Ku dawo ku duba wani gidan, ko don tsaro. Akwai ɗaya a bayan coci."

"Wane wani gida? Na ba Athol hannu, ya ba ni nasa. Graeme ɗansa ne, jininsa ne, a gabanmu ya girma. Zai cika maganar ubansa."

Graeme mutumin kirki ne, ba ni da abin faɗa a kansa. Amma ya bar tsibirin nan tun yana saurayi, a Melbourne yake aiki, kuma su uku ne magada. Ya ce wa Merv cikin ladabi shi bai san da wata magana ba, kuma ko ya sani, babu mai ikon sayar da gidan sai kotu ta gama tabbatar da wasiyya. Merv ya ce zai jira. Noelene ta ce a dawo. Da Merv ya yarda a dawo ɗin, sai aka tarar babu gurbin tirela a jirgin ruwa, don duk masu shan rana sun kama na dawowa tun kafin su tafi. Shi bai kama ba, komai ai zai yi daidai.

Na roƙi Yaya ta hau jirgin sama ita kaɗai ta zo mu duba gidan bayan coci. Ta ce ba za ta bar shi da tuƙi mai nisa haka shi kaɗai ba, ga hawan jini. Ta ƙara da cewa, "Kuma itacen Baba yana can." Na ce itace ai ana tonowa. Ta ce ba a lokacin da ya fara toho ba.

Sun dawo wata shidan ya wuce. Bayan haka kotu ta gama nata, magada suka ba dillali gidan, dillali ya sa kuɗin kasuwa. Ko a haka, da rangwamen yana nan, da an lallaɓa, don Graeme ya so ya sassauta. Amma harajin cikakke ya hau kai, kuma banki ba ya ba masu shekarunsu bashi. Merv ya sa rigarsa ta zuwa jana'iza ya tafi ofishin haraji da kansa. Wata yarinya ta saurare shi har ƙarshe, ta tambaye shi ko akwai yarjejeniyar ciniki da aka sa wa hannu kafin wa'adin ya cika. Ya ɗaga mata tafin hannunsa. Ta ce ta ji tausayinsa ƙwarai, kuma na yarda ta ji ɗin.

Wasu ango da amarya daga Devonport suka sayi gidan. Su Yaya kuwa tirelar aka jawo bayan gidana, aka ja mata wuta daga gareji, wai kafin a samu wani abu. Na ce su shigo ciki, ɗakina ɗaya ne amma falo yana nan. Merv ya ƙi, wai ba zai zauna a ƙarƙashin rufin mace mai baki irin nawa ba. Na san kunya ce. Kuɗin gidansu yana banki yana kallon farashi yana gudu, duk abin da suka duba ko ya fi ƙarfinsu ko yana da bene.

Tirelar nan tana da matakala ta ƙarfe, ƙarama, mai santsi in an yi ruwa. Sanyinmu ya dawo wa Noelene gwiwoyinta da riba. Kullum da safe ina ganinta daga tagata tana saukowa da baya, hannu biyu riƙe da ƙofa. Ranar farko da na ga haka na shiga banɗaki na yi kuka, na fito na balbale Merv da faɗa a kan tiyon da ya bari a hanya. Bai rama ba. Tun da suka dawo bai sake ce mini sarkin surutu ba, kuma wallahi ina kewar abin.

Bana itacen ya yi 'ya'ya. Amaryar, yarinya mai fara'a, ta leƙo ta kan shinge da kwano cike. "Kaka, kuna cin tuffa? Ban san wanda ya dasa itacen nan ba, amma daɗi kamar me." Na buɗe baki, Yaya ta taka mini ƙafa. Ta karɓa, ta yi godiya, ta ce wa yarinyar ta riƙa rage rassan tsakiya in sanyi ya shigo, yana son iska.

Merv yana tsugune a bakin tirela lokacin, ya ji komai. Washegari ya je ya sayo katako da ƙusoshi, ya fara haɗa gangara mai faɗi don ta daina hawan matakala. Ya auna, ya sake aunawa. Noelene ta fito ta zauna a kujerar zanen da suka dawo da ita daga Queensland, tana fere tuffa ɗaya da wuƙa. Ta daɗe tana kallonsa.

"Merv."

"Na'am."

"Wannan katakon ba zai jure ruwa ba. Ka sa mai kauri, ka shafa masa fenti." Ta yanko tuffar ta miƙa masa. "Ka yi shi da ƙarfi. Za mu daɗe a nan."